Babbar Ruga: Dubiyar da ke Warkar da Mutum Biyu

Ina fata kin sauke tukunya, yara sun lafa, kin samu ɗan sararin jingina da bango. Yau Katsina nake so mu je tare. Na san idan aka ce Katsina, Hasumiyar Gobarau ce ke fara zuwa wa mutum a rai, sai Ƙofar Soro da hawan Sallah. Duk za mu bar su sai wani jiƙon. Wurin da zan kai ki ba ya cikin jerin wuraren da ake kai baƙo buɗe ido, amma ina ganin duk macen da ta taɓa naƙuda tana da dangi a can, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Hanyar Batsari

Idan kika fita birni ta Ƙofar 'Yanɗaka kika ɗauki hanyar Batsari, tafiyar ba ta da nisa. 'Yan kilomitoci ne, Napep ma tana kaiwa. Ki ce wa mai Napep "Babbar Ruga" kawai, ba zai ƙara tambayar ki komai ba. Hayaniyar gari za ta riƙa raguwa a bayanki, gidaje su fara barin sarari tsakaninsu, ki fara hango gonaki. Da damina gero da dawa sun yi kore shar, da rani kuwa sai kara da ƙura. Kafin ki gama kallon hanya kun iso ƙofar asibitin.

Wannan 'yar tazara da ke tsakanin wurin da gari tana da tarihi. Tun a shekarun 1930 aka san Babbar Ruga da jinyar masu cutar kuturta, kuma Turawan mishan na SIM sun daɗe suna riƙe da ita, kamar yadda suka riƙe Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. A wancan zamani babu ingantaccen magani, tsoron cutar kuma ya cika zukata, don haka bayan gari ake kai masu ita. Mutum zai bar gonarsa da matarsa da majalisarsa, ya zo ya zauna cikin waɗanda bai taɓa gani ba, abin da ya haɗa su kawai shi ne kowa an guje shi a gida.

A 1983 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga don aikin kuturta. Da ya zauna sai ya ga akwai wasu bayin Allah da su ma ake gudu, ba su da inda za su nufa: mata masu yoyon fitsari. A 1984 ya fara yi musu aiki. Labari ya bi ƙauyuka daga bakin wadda ta warke zuwa kunnen wadda ke ɓoye a ɗaki, mata suka riƙa zuwa daga Katsina da Zamfara da Kano har da Jamhuriyar Nijar. Ayyukan da ya yi da hannunsa sun haura 20,000, ya kuma horar da likitoci da nas-nas masu yawa da suka bazu a ƙasar nan da wajenta. A yau Babbar Ruga cibiya ce ta gwamnatin tarayya ta masu yoyon fitsari, 'yar'uwar ta Abakaliki a Ebonyi da ta Ningi a Bauchi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a Danja, kusa da Maraɗi, haka aka yi. Can ma tsohon asibitin kuturta ne, kuma a harabarsa aka buɗe cibiyar yoyon fitsari a 2012. Kamar dai ƙasar da ta saba karɓar wanda aka kora ita ce ta fi saurin gane wani korarren.

Yadda ƙaramin rami ke raba mace da duniya

Bari in yi miki bayanin lalurar yadda muke yi wa mata a ɗakin awo. Idan naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya sauko ya maƙale, yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina isa wurin. Naman da jini ba ya kai masa mutuwa yake yi. Bayan 'yan kwanaki da haihuwa, sau da yawa cikin makon farko, mataccen naman ya saɓule, ya bar ƙofa. Daga nan fitsari ba ya tsayawa a mafitsara, zuba yake dare da rana ba tare da ta ji ba. Idan ta baya abin ya shafa, har bayan gida. Wasu kuma jijiyar ƙafa ke taɓuwa, sai ki ga suna jan ƙafa. A mafi yawan lokuta jaririn ba ya zuwa da rai. Akwai kuma waɗanda yankan gishiri ne ya jawo musu, wasu kuma rauni ne da aka samu wajen tiyata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa mata 50,000 zuwa 100,000 ne ke kamuwa da wannan lalura a duniya duk shekara. Ba jifa ba ne, ba asiri ba ne, ba alhakin kowa ba ne ya kama ta. Kuma ba a ɗauka, ko kin ci kwano ɗaya da ita.

Yanzu ki ɗan ajiye lissafin, ki sa kanki a zaninta. Kin yi wata tara, kin sha wuya kwana uku, kin dawo hannu biyu babu goyo. Ana cikin yi miki jaje sai shimfiɗa ta fara jiƙewa. Kina wanke tsumma sau goma a yini, zarni bai barin ki. Fatar cinya ta sale. Kin rage shan ruwa don yoyon ya ragu, sai fitsarin ya ƙara kauri da wari. Biki ya wuce ki, suna ya wuce ki, Islamiyya kin daina zuwa don kada ki ɓata wa mutane tabarma. Idan kina tuyar ƙosai ko dakan fura, ciniki ya mutu. An ware miki kwano da buta. Wata mijin ya tsaya mata, Allah Ya saka wa irinsu da alheri. Wata kuwa "je ki gida ki warke" ce takardarta ta ƙarshe.

Mutane na cikin gidan, tana jin dariyarsu ta bayan zana, amma babu mai shigowa ya zauna. Wannan shi ne kaɗaicin da ya fi ciwo, na cikin jama'a.

Abin da za ki gani a tsakar asibitin

Kina iya zaton za ki tarar da wuri mai shiru da koke-koke. Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne hira. Mata ne a inuwar bedi, wato darbejiya, an baza tabarmi, wasu na wanki, wasu na tsince shinkafa, wasu na tafiya a hankali kowace riƙe da ɗan bokiti ko roba da bututun fitsarinta ke zuba a ciki. Babu mai ɓoye nata, don ta kusa da ita ma da nata.

Bayan an yi aiki akan bar robar fitsari a jiki kamar mako biyu, don mafitsara ta huta ɗinkin ya kama. A wannan lokaci dole ta sha ruwa mai yawa don robar kada ta toshe. Ki tuna mace ce da ta shekara tana gudun ruwa. Nas za ta faɗa mata sau ɗaya, sau biyu, ta wuce wurin wata. Wadda ke tsaye a kanta har ta shanye kofin ita ce maƙwabciyar gadonta, wadda ta riga ta da kwana goma. Ita ce za ta ce mata, "Sha, ni ma haka na yi, ga ni yau shimfiɗata a bushe." Duk iya bayaninmu, mu masu farin kaya, ba mu da wannan jimlar a bakinmu.

Da yawansu sai sun zo nan suke sanin ba su kaɗai ba ne a duniya. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai daga wani ƙauyen Jibiya za ta ga sa'ar kakarta daga Damagaram da ta shekara ashirin da lalurar. Wadda ba ta da mai jinya, ta gefenta ke ɗebo mata ruwa. Wadda aka kawo wa fura daga gida, sai an zagaya da ludayi. Matan da aka gama yanke wa hukuncin cewa ba su da sauran amfani, ga su nan suna jinyar juna. Kuma idan kika lura da kyau, wadda ta fi yi wa wasu hidima ita ce fuskarta ta fi saurin washewa.

Wannan ba a Katsina kaɗai ake ganin sa ba. A Habasha, a asibitin yoyon fitsari na Adis Ababa da Dakta Catherine Hamlin da mijinta Reginald suka buɗe a 1974, akwai Mamitu Gashe. Tana yarinya aka kawo ta wurinsu da lalurar. Da ta samu sauƙi sai ta zauna tana gyara gadaje, daga nan ta fara taimakawa a ɗakin tiyata, har ta kai tana yin aikin da hannunta tana koya wa likitoci, alhali ba ta yi karatun boko ba. Abin da ya fara ɗaga ta shi ne an ba ta dama ta yi wa wani amfani.

Inda allurar likita ba ta kaiwa

Idan ramin bai yi muni ba, kusan tara cikin goma ana rufe shi. Wasu sai an maimaita aikin, wasu kuma ko an rufe akan bar su da ɗan ɗigo. Amma ko wadda ta bushe sarai, akwai abin da ba a ɗinke ba. Shekarun da ta yi ana toshe hanci idan ta wuce sun koya mata cewa ita abin ƙyama ce, kuma wannan karatun ba ya gogewa da zare da allura. Mutum ne ya rubuta shi, mutum ne zai goge shi.

A nan masu zuwa dubiya suke shigowa. Iri biyu ne. Akwai masu zuwa da mota cike da kaya, musamman da azumi ko ranar 23 ga Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2013 don yaƙi da wannan lalura. Kayan suna da amfani, babu mai raina sabulu a wurin da ake wanki yini guda. Akwai kuma masu zuwa da ɗan abin da ya samu, su cire takalmi su hau tabarma. Bayan wata guda, na biyun ake tambaya.

Akwai wani zuwa da muka yi da wasu matan Islamiyya, bayan mun nemi izinin ma'aikata. A cikinmu da wata dattijuwa da ta haura hamsin. Maigidanta ya rasu, 'ya'yan sun watse, wannan na Abuja, wancan na Kaduna, kuɗi na shigowa ta waya duk wata amma gidan ya yi mata girma. Ta sha zuwa awon jini tana kukan rashin barci da ciwon jiki. Ranar ba ta ɗauko komai ba sai kibiya da mataji da ɗan man kitso a jaka. Ta hango wata yarinya a gefe ta ja mayafi har goshi, ta je ta zauna dab da ita.

"Ɗiyata, zo in tsefe maki kan nan."

Yarinyar ta matsa baya. "Inna, zan ɓata maki zani."

"Zanin nan ya ga fitsarin 'ya'ya bakwai. Kwanto."

Ta kwantar da kai a cinyarta. Ana cikin kitson sai muka ga hawaye na bin gefen fuskarta. Ta ce tun da abin ya same ta, shekara biyu ke nan, babu wanda ya taɓa kanta.

A hanyar dawowa dattijuwar ba ta yi magana ba sai da muka shigo gari. Sannan ta ce, "Ashe akwai inda ake jira na." Ta mayar da zuwan na duk mako. Hawan jininta bai tafi ba, maganinta tana sha. Amma yanzu tana da ranar da take ɗoki, tana da sunayen da take sa wa a addu'a, tana da labarin da za ta ba 'ya'yanta idan sun kira, maimakon "lafiya lau" da shiru.

Ke fa, uwargida?

Na san ba ki da yoyon fitsari, Allah Ya ƙara tsarewa. Amma ki ba ni gaskiya tsakanina da ke. Yaushe rabon da wata babbar mace ta zauna da ke ku yi hira ta awa guda, ba ta waya ba? Maigida ya fita tun safe. Yara sun tafi makaranta. Aure ya kawo ki garin da ba ki da kowa, ko kun tare a sabuwar unguwa mai dogayen katangu da get, inda za ki shekara ba ki san sunan matar gidan da ke jikin naku ba. Kina cikin rukunin WhatsApp goma sha, saƙo na shigowa kamar ruwan sama, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke babu mai miƙo miki kunu.

Wannan abin da kike ji yana da suna, kuma likitoci sun daina ɗaukar sa wasa. Ingila ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗin cewa illar rashin cuɗanya da mutane ga lafiya tana iya kai ta shan sigari kara 15 a rana. A 2025 kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, kuma abin ya fi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wato ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda muke ɗauka. Yana da alaƙa da hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon damuwa.

Iyayenmu ba su karanta rahoto ba, amma sun gina rayuwa yadda kaɗaici ba ya samun wurin zama. Kwanon ciyayya na fita daga wannan gida ya shiga wancan duk dare, ba don can ba su da abinci ba. Ana gayyar daɓe da sussuka. Mai jego ba ta ɗora tukunya, maƙwabta da dangi sun ɗauke mata. Adashi na sa dole a ga juna. Kowace a cikin waɗannan al'adu bayarwa ce, kuma kowace tana tilasta wa ƙafa ta taka zuwa gidan wani. Da muka samu tura kuɗi ta waya sai muka riƙe bayarwar muka saki takawar. Zumunta kuwa a ƙafa take.

Dalilin da ya sa aikin sa-kai ke rage kaɗaici ba boyayye ba ne. Na farko, yana ba ki rana da lokaci, dole ki yi wanka ki sa mayafi ki fita. Na biyu, fuskokin nan dai za ki riƙa gani, kuma sabo daga maimaici yake fitowa. Na uku, mai kaɗaici takan ji nauyin ta ce "ku zo ku ɗebe mini kewa", amma ba ta jin nauyin ta ce "na zo in taya ku". Hidima ƙofa ce da ake shiga ba tare da an zubar da girma ba.

Wata za ta ce, to wannan ai son kai ne, in je dubiya don in warkar da kaina. Ni ban ga aibinsa ba. Addini ya sa duba mara lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, ya kuma yi alkawarin lada a kai. Idan Allah Ya haɗa miki da sanyin zuciya tun a duniya, ƙari ne. Hasali ma wadda ta san ita ma tana da buƙata ta fi iya zama da mutane, domin ba ta zuwa tana kallon su daga sama.

Sai dai in ja hankalinki kan abu ɗaya. Idan abin da ke damun ki ya wuce kewa, kin shafe sama da mako biyu ba barci ba cin abinci, kina kuka ba dalili, ba kya jin daɗin komai har jaririnki, ko tunanin cutar da kanki na zuwa miki, wannan ciwo ne da ke buƙatar ganin likita. Ki fara da asibiti, aikin sa-kai ya biyo baya.

Idan kin yi niyyar zuwa

Ki shawarci maigida, ki nemi mace biyu ko uku ku tafi tare. Ajinku na Islamiyya, 'yan adashinku, reshen FOMWAN na kusa da ku, ko zumuntar mata idan ke Kirista ce, duk sun isa. Kafin ku je, ɗaya ta fara zuwa ta ga shugabar nas-nas ko jami'in walwalar marasa lafiya, ta tambayi rana da lokacin da ya dace da abin da aka fi buƙata. Asibiti na da doka, kuma dokar don kare matan aka yi ta.

Abin riƙewa ba sai mai tsada ba: sabulun wanki da na wanka, omo, basilin don fatar da ta sale, zannuwa masu tsabta ko da an taɓa ɗaurawa, ledar shimfiɗa, bokiti, silifa. Idan da hali a haɗa da lalle da turaren wuta. Kada ki raina lalle. Macen da aka yi wa ƙunshi ta san an ɗauke ta a mace, ba a mara lafiya kawai ba. Abinci kuwa a tambayi ma'aikata tukuna, don wadda za a shiga da ita tiyata akwai lokacin da ba ta ci.

Wayarki ta zauna a jaka. Da yawansu ko a ƙauyensu ba kowa ya san inda suke ba, hoto ɗaya a Facebook na iya tona abin da suka shekara suna rufewa. Kada ki toshe hanci, kada ki tattare zani. Kada ki tambaye ta ina mijinta ko me ya sa ba a kai ta asibiti da wuri ba. Wata babu mota a garinsu, wata babu kuɗi, wata kuma dare ne ya yi kuma hanyar ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Ki tambaye ta sunanta, garinsu, abin da ta iya. Idan ta ce ta iya saƙar tabarma ko faifai, ki ce ta koya miki, kuma ki koya da gaske. Idan ta miƙo miki gyaɗa ki karɓa ki ci a gabanta. Wanda kullum shi ake ba, ba a karɓar nasa, bai fita daga kaɗaici ba.

Kuma kada ki yi alkawarin da ba za ki cika ba. Sau ɗaya a wata da ba ya yankewa ya fi kullum na mako guda.

Idan Katsina ta yi miki nisa, akwai na kusa da ke. A Kano akwai cibiyar Laure a Asibitin Murtala. A Zariya akwai Asibitin Gambo Sawaba, a Sakkwato Asibitin Maryam Abacha, a Jigawa akwai Jahun, a Bauchi Ningi, a Jos akwai cibiyar Evangel, 'yan'uwanmu na Nijar kuma ga Danja. Idan duk babu hali, gidan marayu na nan, ɗakin yara na asibitin garinku na nan, tsohuwar da ke ƙarshen layinku wadda ba ta iya ɗebo ruwa ita ma tana nan.

Bayan an sallame ta

Akwai aikin da ba ya buƙatar ki hau mota ko kaɗan. Ranar da aka sallami mace daga Babbar Ruga, ana ba ta sharuɗɗa: ta yi watanni ba ta koma shimfiɗar miji ba, ta guji aiki mai nauyi, ta dawo a duba ta, kuma duk cikin da za ta samu nan gaba ta yi awo ta haihu a asibiti, galibi ta hanyar tiyata. Cika waɗannan sharuɗɗa na buƙatar wanda zai tsaya mata a gida. Ga kuma unguwa da ta saba ganin ta a matsayin mai zarni.

Idan akwai irinta a danginku ko layinku, ke ce cibiyarta ta biyu. Ki fara sayen ƙosanta a gaban mutane. Ki aika mata goron biki da sunanta. Ki matsa mata wuri kusa da ke a Islamiyya. Mace ɗaya mai mutunci idan ta ci abincin hannunta, sauran za su biyo.

Idan kuma kin san wadda ke ɓoye da lalurar har yanzu, ki gaya mata ana warkewa, ki raka ta. Wadda yoyon ya fara mata kwanan nan bayan haihuwa kada ta jira, domin idan aka sa robar fitsari da wuri, wasu ƙananan ramukan kan rufe da kansu ba tare da tiyata ba. Maƙwabciyar da naƙuda ta kama tun safe har rana ta faɗi babu haihuwa, kada a ce a bari a ga gobe. Ki zama mai tayar da maganar mota. Samar da asibiti da ungozoma da hanya haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma dubiyarmu ba ta sauke mata shi. Amma kafin hukuma ta iso, mu ne a kusa.

Ana yi wa Katsina kirari da ɗakin kara, Katsinawa kuma na fassara karar da mutunta mutum da sanin darajarsa. A tsakar Babbar Ruga za ki ga wannan kara a hannun matan da ba su mallaki komai ba sai bokiti da zani biyu, suna yi wa juna ita safe da yamma. Ba su jira sun warke ba kafin su fara.

Ke ma ba sai kin jira kewarki ta tafi ba. A daren yau, idan kin kwashe tuwo, ki zuba malmala biyu a kwano, ki yafa mayafi, ki ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa da taki. Idan an buɗe, kada ki miƙa daga bakin ƙofa. Ki shiga ki zauna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya sa mu zama sanyin idon juna.